Sau huɗu Hayasdan tana kunyata ni kafin na kai wa Yaya laftop ɗina

Sau huɗu ina fara kamfen ɗin nan sau huɗu ana kora ta, kuma ba kora ta mutunci ba, irin wacce zaka zauna kana kallo an zagaye garinka ɗaya tilo kai kuma ko sisin ɗaukar soja ɗaya baka da shi. Gem ɗin da nake magana Rome: Total War ne, tsohon nan na 2004, amma ba shi zalla ba, wanda aka ɗora wa mod, wato gyaran da masu son gem suke masa da kansu, mai suna Europa Barbarorum, EB a taƙaice. EB 1.2 nake bugawa dan shi laftop ɗina ke iya ɗauka, akwai na biyu da aka gina a kan gem ɗin Medieval II amma wannan sai nayi sabon inji.

Ga wanda bai sani ba, mutanen da suka haɗa EB sun ɗauki gem ɗin ne suka wanke shi tas suka zuba masa tarihi. Ana farawa a shekara ta 272 kafin haihuwar Annabi Isa, shekarun suna tafiya suna raguwa, kowace shekara zagaye huɗu, wato sau huɗu kana yin naka kwamfuta tayi nata, sunan kowane soja da yarensu na asali ko abin da ya fi kusa da shi, kuɗin ma mnai ake ce masa. Na buga Rumawa na ji daɗi, na buga Ptolemaioi na Masar na tara kuɗi har na rasa yadda zanyi da su, sai kai ya fara kumbura, nace bari na ɗauki wani abu mai wuya. Na zaɓi Hayasdan, wato Armeniya ta wancan zamanin a ƙarƙashin gidan Yervanduni. A wajen zaɓen ma sun rubuta ƙarara cewa wannan kusan ba mai yiwuwa bane, na karanta nayi dariya.

Abin da zaka tarar shi ne gari ɗaya, Armavir, can cikin tsaunuka, da sojoji da suka fi ƙarfin aljihunka. Daga zagaye na farko kuɗi ke zuba kamar an huda buhu. A kudu kuma ga Arche Seleukeia, daular da Seleukos ya bari bayan rabon gadon Iskandar, ta shimfiɗe tun daga gaɓar Anatoliya har kusa da Indiya, Antiochos na ɗaya ɗan Seleukos ne a kan mulki. A takarda dai ƙawance muke da su. Masu buga EB kuwa suna ce musu mutuwa mai launin toka saboda kalar da suke da ita a taswira, kuma duk wanda ya zauna maƙwabtaka da su ya san ba a banza aka sa sunan ba.

Duk karo huɗun nan abu ɗaya nake yi, yanzu ne nake gani. Zan kwashi rundunata gaba ɗaya na nufi kudu na ci Karkathiokerta dan a idona shi ne gari mai maiƙo, na ƙara ɗaukar masu mashi da ɗan canjin da ya rage, kafin shekara uku bashi ya haura dubu takwas, sai kawai naga tutar toka ta ɓullo daga Mesopotamiya, runduna cike da falanks, masu dogayen masun nan da suke jeruwa kamar shingen ƙaya. Na kashe ta farko da ƙyar, ta biyu ta zo, ta uku ta biyo ta, ni kuma ba halin cike gurbin ko mutum ɗaya. A karo na huɗu har magudi nayi, na buɗe wajen da ake rubuta wa gem umarni na zuba wa kaina kuɗi, wallahi da kuɗin magudin ma aka ci ni. Wannan ne ya fi min ciwo.

Abokina ne ya gaji da mitata yace me zai hana naje wajen yayansa, ai shi tun zamanin da ake sayen gem a faifai yake buga irin waɗannan. Yayan nan nasa gyaran kwamfuta yake yi, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyu, ni dai gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Kunya ta kama ni, ace ka je wajen babba mai iyali kace gem ya gagare ka. Amma ranar wata Asabar bayan la'asar na saka laftop a jaka na tafi shagonsa.

Na gaishe shi, nace Yaya wata 'yar matsala ce na kawo amma ba ta gyara bace. Da na faɗi sunan Hayasdan sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya kalle ni yace, kai ƙanena, wa ya aike ka? Ya jawo min kujera yace buɗe mu gani.

Na loda seb ɗina na ƙarshe, wato inda na adana wasan, taswira ta fito, na kai hannu zan nuna masa inda aka zagaye ni, sai yace tsaya, baka tada sikirif ba. Nace wane sikirif kuma? Ya riƙe baki. Ashe a EB duk lokacin da ka fara kamfen ko ka loda seb sai ka danna gari, fuskar mai ba da shawarar nan ta fito a saman allo, ka danna maɓallin da ke cewa ya nuna maka yadda ake yi, a nan ne dogon sikirif ɗin da ke tafiyar da abubuwa da yawa na mod ɗin yake tashi. Ni kuwa duk sanda fuskar nan ta fito rufe ta nake yi da sauri dan na ɗauka irin surutun koyar da sabon shiga ne. Wata nawa ina buga gem ɗin rabi da rabi ban sani ba. Yace min kar na ji daɗi dai, ba wannan ne ya sa ake cin ka ba, sikirif ɗin ma har kuɗi yake tallafa wa daulolin da kwamfuta ke riƙe da su, amma ba'a buga EB babu shi.

Na biyu ya tambaye ni a wane mataki na saka wahala. Nace duka biyun a ƙure, na taswira da na fagen fama, ai namiji ne ni. Yace to namiji, na fagen fama ka mayar da shi matsakaici, dan idan ka ɗaga shi ba wayo ake ƙara wa kwamfuta ba, ƙarfin sara da taurin zuciya kawai ake ƙara wa sojojinta, su kuma masu mod ɗin a kan matsakaici suka auna ƙarfin kowane soja. Shi ya sa nake ganin talakawan da aka tattaro aka miƙa wa mashi suna tsayawa gaban baradena kamar an dasa su. Gaskiya da farko naji kamar ragewa kaina daraja ne, amma na bi.

Abin da ya bani mamaki, bai karɓi maus ɗin ba sam. Na ɗauka zai zauna ya buga min yaƙi ɗaya naga salon manya, sai yace buɗe min takardar kuɗi. Muka zauna muna kallon lissafi kamar masu shago da yamma. Yace karanta min abin da ke shigowa, na karanta. Karanta abin da sojoji ke ci, na karanta, ya ninka abin da ke shigowa ya ɗora. Yace to yanzu faɗa min, cikin waɗannan wa ya kashe maka mutum a yaƙin da ya wuce? Na tsaya tunani, gaskiyar magana 'yan baka ne da dawakan 'yan gidan sarauta suke duk aikin, sauran tsayuwa kawai suke suna cin albashi. Yace to ka ga matsalarka, kana ciyar da runduna irin ta sarkin Masar da aljihun mai gari ɗaya.

Daga nan yace wannan seb ɗin ya mutu, a yi masa sallah, mu fara sabo. Ya bani zaɓi biyu, ko dai na sallami mafi yawan sojoji tun zagayen farko na zauna ina tara kuɗi a hankali, ko kuma nayi amfani da su da gaggawa na ci garuruwan da basu da uban gida, waɗanda gem ɗin ke kira Eleutheroi, sannan na sallame su. Abin da ba'a yi shi ne wanda nake yi, riƙe su ana yawo. Yace shi na biyun yake bi amma arewa ake nufa ba kudu ba, kuma ya ɗora yatsa a kan allo ya nuna min dalili: garuruwan kudu irin su Karkathiokerta da Phraaspa su ne katangar da ke tsakanina da Seleukiyawa, ranar da na ci ɗaya daga ciki na rushe katangar da hannuna, kuma kwamfutar gem ɗin nan bata san ƙawance ba muddin kun haɗa iyaka ta ƙasa. Sau huɗu ina zuwa da ƙafata ina ƙwanƙwasa musu ƙofa kenan.

To haka muka yi. Sojan doki masu tsada da ba na gidan sarauta ba na sallame su a cikin Armavir, wanda ashe ma yana ƙara yawan mutanen garin, haraji na kai shi ƙarshe, na kwashi 'yan gidan sarauta da 'yan baka da masu mashi kaɗan muka nufi Kotais, wanda shi ne Kutaisi na ƙasar Jojiya a yau. Yana ta bani labari muna jiran zagaye ya wuce, dan EB wajen jiran kwamfuta ta gama nata sai ka sha shayi ka dawo, wai yankin nan shi ne Kolchis da Girkawa ke ba da labarin zinarensa, har ance mutanen tsaunin suna shimfiɗa fatar tunkiya a cikin rafi ta kama ƙurar zinare. Nace to Allah yasa mu samu rabonmu.

A bakin Kotais na so na kafa tsani na afka, ya hana ni. Yace zauna ka yi musu ƙawanya, yunwa zata fito da su, duk sojan da ya mutu a kan ganuwa kuɗi ne da baka da shi. Na zauna ina ƙirga zagaye bashi yana hauhawa gabana yana faɗuwa, har suka buɗe ƙofa suka fito da kansu. Nan ne ya koya min abin da har yau nake amfani da shi. 'Yan bakan tsaunin nan, Kovkasi Lernain Netadzik, ga arha ga harbi, amma ni a gaba nake jera su suna ta zuba kibau a kan garkuwa. Yace soja da wane hannu yake riƙe garkuwa? Nace hagu. Yace to me kake nema a gabansa? Ka zagaya damansa ko bayansa. Masu mashina, Hai Nizagamartik, yace kar na sa rai zasu kashe kowa, aikinsu su riƙe abokin gaba na ɗan lokaci kawai kafin su tsorata, dan haka janar ya tsaya kusa da su. Su kuma dawakan 'yan gidan sarauta, masu sulke ne tun daga mahayi har doki, ni da na fara ganinsu 'yan lifidan hawan sallah suka faɗo min a rai, su ne guduma. Kuma sirrin da ban taɓa lura da shi ba, waɗannan dogaran idan sun mutu da kansu suke cikowa a hankali ba tare da ka biya kuɗin ɗauka ba, matuƙar shi ɗan sarkin yana raye. Yace ka ga sojan da ya dace da talaka. Amma a bari su yi nisa su ɗauko gudu, su daki baya, a janye su, a sake, kar a barsu su tsaya cikin turmutsutsu.

Muka ci yaƙin na rasa mutum ƙasa da ɗari. Ina murna na kai hannu zan danna na koma taswira ya buge min hannu, yace ka ɗan jira tukuna, gem ɗin nan yana da halin mutuwa bayan yaƙi idan ka yi saurin fita daga allon sakamako, ƙirga talatin. Ni kuwa sau nawa ina cin yaƙi mai wuya gem ya rufe kansa na ɗora laifin a kan laftop ɗina bawan Allah.

Magariba ta yi muka tashi. Sauran duk a gida nayi, ina turo masa hoton allo ta WhatsApp shi kuma yana amsawa da saƙon murya, wani lokacin sai bayan kwana biyu. Na ci Mtskheta, wanda yake kusa da Tbilisi ta yanzu, na sallami kusan kowa na bar 'yan tsiraru masu gadi, sannan aka shiga zaman da ya fi komai gundura a rayuwata ta gem: danna ƙarshen zagaye, jira, danna, jira. Sai wajen shekara ta 264 bashi ya kare na fara ganin kuɗi ba ja ba. Nan ma na kusa tafka wauta, na so na gina barikin manyan sojoji dan na ƙosa naga Nakhararakan Aspet, baradan manyan gida masu sulke. Na turo masa, ya amso da murya yana dariya yace ƙanena mahaƙa tukuna, hanya, kasuwa, sannan ƙawa. Mahaƙar ma'adinai a EB tsada gare ta kamar me kuma tana ɗaukar zagaye da yawa kafin ta kammala, sai da na tara kuɗin kusan shekara biyu ban taɓa komai ba, amma daga ranar da ta fara aiki lissafina ya canza gaba ɗaya. Ya kuma yi min bayanin ginin gwamnati, wanda da ni kawai na farko a jeri nake dannawa, ashe iri huɗu ne kuma shi ke yanke irin sojan da zaka iya ɗauka a garin da ka ci, wani wajen gwara ka bar mutanen gari da ɗan 'yancinsu ka samu sojojinsu na gargajiya.

Akwai inda ban bi maganarsa ba, kuma har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya. Shi yace na tura jakada na dinga biyan Seleukiyawa ɗan wani abu duk zagaye dan su ƙyale ni. Nayi na ɗan lokaci naga kuɗin mahaƙata ne ke tafiya a banza, mutanen da ko ka biya ko baka biya ba zasu zo, na daina na zuba kuɗin a 'yan baka na doki, Ayrudzi Netadzik. Da na faɗa masa yace to ai kai ne sarkin, amma kar ka kira ni da kuka.

Sun zo kuwa, a shekara ta 257, bayan su da kansu sun cinye Karkathiokerta mun haɗa iyaka. Ɗan leƙen asirin da na ajiye a kudu, shi ma shawarar Yaya ce, ya hango su tun da nisa, runduna cike, falanks shida ko bakwai har da Argyraspides masu garkuwar azurfa waɗanda ko a mafarki bana son gani. Daren ranar an ɗauke wuta, cajina saura kashi arba'in da wani abu, na tsaya ina shawara ko na bari sai gobe, zuciya ta ƙi. Ban jira su a gari ba, na fita na tsaya a kan tudu a hanyar da dole ta nan zasu bi, na bar su su ne masu kawo hari. Falanks a hawan tudu abin tausayi ne, tafiya suke kamar masu ɗauke da gawa, layinsu yana karyewa, kafin su iso rabin hanya sun gaji. 'Yan bakan dokina suka zagaya ta damansu suna zuba musu, duk rukunin da ya juya zai fuskance su sai ya ba 'yan bakan ƙasa baya. Janar ɗinsu, kamar yadda kwamfuta ta saba, ya baro rundunarsa ya rugo shi kaɗai cikin masu mashina, na rufe shi da 'yan gidan sarauta uku, yana faɗuwa naga tutocinsu sun fara fari, alamar gudu, ɗaya bayan ɗaya. Masu garkuwar azurfan nan ne kawai suka ƙi gudu, sai da kibau suka ƙare na dinga dukansu da doki ta baya har sau biyar, a karo na huɗu na rasa magajin sarki, yaron da na ɗauki shekaru ina renonsa a makarantar Armavir. Naji haushin wannan sosai dan laifina ne, na barshi ya daɗe a ciki ina can ina kallon wani gefen.

Na ƙirga talatin ɗina, na koma taswira, nayi seb, laftop ya mutu ko minti biyu ba'a yi ba. Na zauna cikin duhu ina ta murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Bayan wannan sun sake turo runduna ta fi sau goma, duk a tudun nan ko a bakin gada nake tarbarsu, har ta kai na fara gajiya da cin nasara iri ɗaya. Da na yi wa Yaya ƙorafi yace ai ba zasu daina ba sai ka ƙona inda ake ƙera su, ka daina tsaron gida ka sauka ƙasa. Na ci Karkathiokerta a karo na biyar a rayuwata, wannan karon na riƙe shi, na wuce Arbela, daga nan na gangara Seleukeia a bakin kogin Dijla na kwashe ta na rushe barikokinta. Wani abin daɗi da na gano da na koma karatu, ashe Armeniyawan gaske ma sai da suka yi dogon jira, bayan Rumawa sun karya Antiochos na uku a yaƙin Magnesia a shekara ta 190 kafin haihuwar Annabi Isa ne Artaxias ya samu ya zama sarki mai cin gashin kansa, kuma sai a shekara ta 83 sarkinsu Tigranes ya karɓe Siriya daga hannun Seleukiyawan. Na turo wa Yaya nace ka ga na riga su da shekara sama da ɗari, yace su ai basu da maɓallin loda seb.

Yanzu ina shekara ta 236, garuruwa goma sha huɗu, kuɗi yana shigowa, tokar nan ta koma gabas tana lasar ciwonta. Sai shekaranjiya ina duba yamma naga garin Antiocheia na Siriya ya canza kala, ya koma ruwan ɗorawa, Ptolemaioi sun cinye Siriya kaf kuma ga rundunarsu biyu a tsaye kusa da Edessa suna kallon iyakata, su ma masu EB suna da sunan da suke kiransu, mutuwa mai ruwan ɗorawa. Ƙasar nan kuma shimfiɗaɗɗiya ce ba tudun da zan hau. Na ɗauki hoto na tura masa da daddare, da safe na tarar da saƙonsa na daƙiƙa shida, yace kar ka taɓa komai, ka zo da laftop ɗin ranar Asabar, kuma ka taho da cajarka wannan karon.